Hidimar ɗan tsakani a musayar 1031: abin da take tsare wa mai gidan haya a Amurka

Mai gidan haya a Amurka yana cin moriyar ragin tsufan gini kowace shekara, domin hukumar haraji ta IRS ta yarda a raba kuɗin ginin, ban da fili, a kan shekara 27.5, ana rage kason kowace shekara daga kuɗin shigar da ake biya wa haraji. Ranar sayarwa ake biyan harajin wannan ragi. Ɗauki gidan da aka saya dala 330,000, filinsa 55,000, gininsa 275,000. Ragin shekara 10,000 ke nan, shekara goma 100,000. In an sayar da riba, harajin wannan kason kaɗai na iya kai kashi 25 cikin ɗari, wato 25,000, kafin a zo kan sauran ribar. Wanda bai taɓa neman ragin ba ma bai tsira ba, za a yi masa lissafi kamar ya karɓa; gyaransa fom 3115 ne.

Kamfanonin 'yan tsakani suna sayar da hanyar ɗage wannan haraji ƙarƙashin sashe na 1031 na dokar harajin Amurka: kuɗin cinikin ya shiga hannunsu, su saya maka wani gidan haya da shi. A ganinmu hidimar ta ci kuɗinta, amma da sharaɗi.

Dole a ƙulla yarjejeniya da su kafin a rufe ciniki. Kuɗin ya taɓa asusunka ko na dare ɗaya, magana ta ƙare. Daga ranar rufewa kana da kwana 45 ka miƙa sunan gidan da za ka saya a rubuce, yawanci har guda uku, da kwana 180 ka kammala saye. Asabar da Lahadi da ranakun hutu duk a ciki suke. Mai sayarwa a Nuwamba ko Disamba ya nemi ƙarin wa'adin shigar da haraji, in ba haka ba 15 ga Afrilu za ta datse masa kwanakin. Kamfani nagari yana tuna maka waɗannan ranaku kuma takardunsa tsaf suke, nan ne ƙarfinsa.

Rauninsu a wajen amana yake. Gwamnatin tarayya ba ta ba su lasisi, kuma a 2008 kamfanin LandAmerica 1031 Exchange Services ya karye da kuɗin mutane a hannunsa. Don haka nemi asusu na daban da sunan cinikinka, wanda ba a cire ko sisi sai da sa hannunka, ka kuma ga takardar inshorarsu da idonka. Tambayi kuɗin ruwan da ajiyar ke haifarwa wa zai ɗauka, don da yawansu nan suke cin ribarsu. Mai gudun kuɗin ruwa ya faɗa tun farko a rubuta. Lauyanka ko akantanka ko dillalinka na shekara biyun da suka wuce ba zai iya zama ɗan tsakani ba, haka ɗan'uwa na jini.

'Yan tsakani ba sa ba da shawarar haraji, kuma nan mutane ke faɗawa rami. In sabon gidan bai kai tsohon daraja ba, ko ka ɗebi wani abu a hannu, ko bashin banki ya ragu ba ka cike da kuɗinka ba, gibin zai sha haraji. Akanta ne zai lissafa wannan ya cike fom 8824.

Mai niyyar kwashe kuɗin ya gina a Kano ko Maraɗi kada ya ɓata kuɗinsa wajen ɗan tsakani, doka ba ta ɗauki gidan Amurka da na wata ƙasa a matsayin iri ɗaya ba. Kuma harajin ɗage shi aka yi, yana biye da sabon gidan. Yana faɗuwa ne in mai gida ya rasu yana riƙe da shi, domin magada suna karɓa a kan darajar kasuwa ta ranar rasuwa.