Kabewar damina ko ta rani, wacce ta fi wa ƙaramin manomi?

Ta damina dai kusan kyauta ce, ruwan sama ne ke shayar maka, da zarar ruwa ya zauna wajen watan Yuni sai ka jefa iri a tsakanin kunyoyin dawa ko masara, ka zuba mata takin gida, ita kuma ta yi ta yaɗo tana rufe ƙasa har ciyawa ma ta rage, cikin wata 3 zuwa 4 ta nuna. Yara su ne masu ɗaukowa, mata su ware ta miyan taushe. Matsalar ɗaya ce, da kaka kowa na da ita, kasuwa ta cika maƙil, dillali ya taya maka yadda ya ga dama. Sai dai in za ka iya ajiya, ka yanke ta da ɗan karanta a jiki, kar ta bugu, ka jera a inuwa inda iska ke shiga, tana yin watanni, amma fa ɓera da ruɓa ba sa jin bari.

Ta rani kuwa kuɗi ke kiran kuɗi. Mutanen Kura da Kadawa masu samun ruwan dam ɗin Tiga su da sauƙi, amma mai fadama da injin ban ruwa, kai, fetur kaɗai ya isa ya cinye ribar, ga maganin ƙwari ga kwana a gona. Farashi kam yana da kyau tunda lokacin ta yi ƙaranci.

Ni dai in gonar ta iyali ce kuma ba jari, damina zan yi in ajiye rabi zuwa rani.