Kafin ka biya kuɗin irin larkspur, duba waɗannan

Jama'a masu son noman furanni na yanka, ko don dekoreshon na biki ko don busarwa a sayar, larkspur na cikin waɗanda hotonsu ke ruɗin mutum a intanet, dogon kara cike da furanni shuɗi da ruwan hoda da fari. Toh amma fa ɗan ƙasar sanyi ne, asalinsa yankin Bahar Rum da kudancin Turai, kuma irin baya tsirowa sai ƙasa ta yi sanyi kamar digiri 10 zuwa 13. Wanda ke Ingila ko Amurka ko Kanada shi kam ba matsala, ya shuka da kaka ko farkon bazararsu. A gida kuwa sai dai Jos ko Mambila cikin hunturu, wanda ke Kano ko Maraɗi gaskiya caca zai yi da kuɗinsa.

Abu na farko, kar a haɗa maka shi da delphinium. 'Yan uwa ne, amma delphinium irin su Pacific Giants yana yin shekaru a raye, ya fi tsada ya fi son lallaɓawa, shi kuwa larkspur shekara ɗaya ya gama rayuwarsa. Duba bayan fakiti, in ka ga Consolida toh shi ne, duk da wasu kamfanonin na rubuta Delphinium consolida ko ajacis.

Cikin ire-iren larkspur, Giant Imperial shi ne tsohon hannu, arha gare shi kuma ko'ina akwai, yana kai mita 1 har ya wuce. Matsalarsa yawanci a cakuɗe ake sayar da shi, kala-kala cikin fakiti ɗaya kuma basa buɗewa tare, in amarya tace fari zalla take so kaga ka shiga uku. Na ƙawata tsakar gida ne. QIS kuwa don masu sana'a aka fitar da shi, karan miƙaƙƙe, furen ninki-ninki a cushe, kowace kala da fakitinta. Ya fi tsada amma ni in sayarwa zan yi shi zan ɗauka ba tare da dogon tunani ba, Sublime ma kusan layinsu ɗaya in ba a samu QIS ba. Sai Blue Cloud, wannan daban yake, baya yin dogon zangarniya sai rassa sirara da ƙananan furanni barbaje, na cike gurbi ne a damin fure, kar ka saye shi kana jiran katon kara. Akwai Earl Grey mai kalar toka-toka da shunayya, masu dekoreshon na mutuwar sonsa.

In busarwa ce a ranka toh zaɓi shuɗi mai duhu da ruwan hoda mai ƙarfi, su ke riƙe kala, fari yakan koma kamar tsohuwar takarda. Na busarwa a bari yawancin furen su buɗe amma kafin su fara zuba, a ɗaure kaɗan-kaɗan a rataye kai ƙasa a ɗaki mai duhu da iska, kamar sati 2. Na ɗanye kuma a yanka tun kashi ɗaya cikin uku ya buɗe, zai yi kwana 5 zuwa 7 a ruwa, kuma a nisanta shi da ayaba ko tumatir masu nuna don iskar da suke fitarwa na sa furen kakkaɓewa.

Amma duk sunayen nan basu kai kwanan watan da ke jikin fakitin muhimmanci ba. Irin larkspur baya jure ajiya, na bara ma rabi sai ya ƙi fitowa, don haka duk mai sayarwar da ya zubo maka shi a leda ba suna ba shekara, kyale masa kayansa. Ka sayi da ɗan yawa, ka sa a firij sati 1 ko 2, sannan ka shuka kai tsaye a inda zai zauna ka rufe da ƙasa don a duhu yake tsirowa, saiwarsa doguwa ce bata son dashe. Sai haƙuri, yakan ɗau sati 2 zuwa 3.

Mai dabbobi a gida ya kula sosai, ganye da iri duk guba ne, a yammacin Amurka danginsa na daji na kashe shanu. In akuya na yawo a gidanku ko garin naku zafi ne, sayi gomphrena ko celosia, suna son rana kuma suna bushewa da kalarsu.