Ƙarewar baƙin mai da zafin inji: wanne ya fi yi wa mota illa?

Wani ɗan'uwa a zauren nan ya tambaya: tsakanin injin da baƙin mai ya ƙare masa da wanda ya yi zafi ya tafasa, wanne ya fi lalacewa, kuma wanne ake iya cetowa?

Malam, ƙarewar mai ta fi muni, don ba ta ba da lokaci. Karanshaf, wato babban sandan ƙarfen da ke juyawa a ƙasan inji, yana juyawa ne a kan ɗan siririn mai da ke tsakaninsa da metal, wato ƙarafan da yake kwance a kansu. Da famfon mai ya ja iska, ƙarfe ya hau ƙarfe ke nan. Jan fitilar nan mai kama da buta tana nufin matsin mai ya riga ya faɗi, saboda haka a gangara gefe a kashe mota nan take, ko da a tsakiyar cunkoson Kawo ne. Wanda ya ce bari ya lallaɓa zuwa gida zai ji ƙwanƙwasa daga ƙasan inji, tana ƙaruwa in ya taka totur. Metal ya cinye, karanshaf ya karce. In aka ci gaba, konrod, sandan da ke haɗa fistin da karanshaf, kan karye ya huda bulok, wato gangar jikin inji, daga nan kuma sai a nufi kasuwar Panteka neman wani injin. In an tsaya da wuri, ana iya wasa karanshaf a rage 0.25mm ko 0.50mm a sa metal daidai da shi, amma dole a wanke hanyoyin mai, don ɓurɓushin ƙarfe ɗaya ya isa ya mai da aiki baya. Corolla mai injin 1ZZ kusan lita 4 kawai take ɗauka, tsohon inji mai shan mai kuwa yakan zuƙe rabi kafin lokacin juyen mai.

Shi zafi yana yin sallama. Inji yana aiki ne a wajen digiri 90, kuma allurar da ke nuna zafin inji za ta hau kafin ɓarna. Sanadin bai wuce lagireto ya toshe, tiyo ya fashe, fanka ta tsaya ko famfon ruwa ya mutu, musamman a zafin Maris da Afrilu. Gasket, shimfiɗar da ke tsakanin bulok da tof silinda (kan inji), ke fara ƙonewa, sai tof ɗin, wanda galibi na alminiyam ne, ya lanƙwashe. Za a ga farin hayaƙi a salansa, ruwa na raguwa, mai ya koma kamar shayi da madara. A ɗora ƙarfe miƙaƙƙe a kan tof a auna. A irin wannan Toyota, in ratar da ke tsakanin ƙarfen da tof ta wuce 0.05mm, sabon gasket kaɗai ba zai riƙe ba. Kada a buɗe murfin lagireto yana tafasa, kada kuma a sheƙa masa ruwan sanyi, tof na iya tsagewa.

Sai dai in ruwa ya shiga mai aka ci gaba da hawa, metal ɗin zai ci kamar na farko. Saboda haka kafin bakanike ya yanke kuɗin aiki, a ce ya kwance botom filet, wato kaskon da mai ke taruwa a ƙasan inji, a ga abin da ya kwanta a ƙasa.