Mai ɗori ko Asibitin Dala: idan Malam ya faɗi a banɗaki

Tsoho ya zame a santsin banɗaki, ƙafa ta ƙi taka ƙasa. Nan take gida zai rabu biyu: wasu su ce a kira mai ɗori, wasu su ce a nufi asibitin ƙashi na Dala a Kano.

Mai ɗori yana kusa, har ɗaki yake zuwa, kuɗinsa kuma da sauƙi. Zai shafa man shanu, ya jera karare, ya ɗaure. A targaɗe babu laifi. Sai dai hannu ba ya ganin cikin ƙashi, kuma karayar ƙugu, wadda ta fi samun tsofaffi, ba ta ɗauruwa da kara. Malam zai yi watanni a kwance, uwargida tana fama da fo da juya shi, ga gyambon kwanciya, ga ciwon huhu na jira.

Asibiti kuwa akwai layi, akwai kashe kuɗi, mai jinya ma ta kwana a tabarma. Amma za a ɗauki hoto a ga inda ƙashin ya karye, in ta kama a yi tiyata, cikin 'yan kwanaki a fara tsayar da shi da sanda.

Ni dai, in ƙugu ne, mota zan nema.