Kwas ɗin karatun igiyar ruwa: malamin ya ci kuɗinsa halal, makarantar kuwa sai dai haƙuri

Na jima ina son rubuta wannan amma na ce bari in huce tukuna, don da a ranar da muka gama na zauna na rubuta, ba abin da zai fito sai zagi. Yanzu sati uku kenan, zuciya ta ɗan kwanta, ko da yake ba duka ba.

Kusan shekara biyu ina hawan igiyar ruwa, ina iya miƙewa a kan allo, ina iya juyawa kaɗan-kaɗan, amma gaskiyar magana a cikin igiya goma da zan bi da ƙyar in kama biyu. Sauran ko dai ta wuce ta ƙarƙashina ta bar ni ina ta fasa ruwa da hannu kamar agwagwa, ko kuma ta rufto mini a ka, hancin allo ya nutse in wuntsila in sha ruwan gishiri. Ni duk zatona ƙarfin hannu ne ba ni da shi, har motsa jiki na ƙara saboda haka. Da na ga wannan makarantar tana tallar kwas na kwana biyar wai na karatun igiya, wato koyon gane wadda za ka bi da inda za ka jira ta, mutum huɗu kacal a aji, kuma za a ɗauke ka bidiyo a zauna da kai a nuna maka kurakuranka, sai na ce to bari in gwada. Ku riƙe maganar mutum huɗu da bidiyon nan, za mu dawo kanta.

Ranar farko na zo da zumuɗina, na sa rigar roba, na goge allo da kaki, har na ɗaura madaurin ƙafa, wanda ke haɗa ƙafa da allo. Sai malamin, wani dattijo siriri wanda rana ta gama ƙone masa wuya, ya ce kowa ya ajiye allo ya zauna a yashi. Wallahi minti arba'in muka yi a zaune muna kallon teku. Raina ya ɓaci ba kaɗan ba, na ce a zuciyata wato kuɗi na biya don in zo in yi kallon da zan iya yi kyauta. Shi kuwa ko a jikinsa, ya ciro agogo ya ce mu ƙirga daƙiƙa nawa ke tsakanin igiya da mai bi mata. Muka ƙirga, wajen 8 ne. Ya ce to wannan lambar ta fi tsayin igiya muhimmanci, kuma ita ce wadda kowa ke tsallakewa a manhajar hasashen yanayin teku, ido na kan mita nawa kawai. Igiyar da tazararta ba ta wuce daƙiƙa 7 ko 8 ba iskar kusa ce ta haife ta, takan zo a hargitse, wata na hawa kan wata, ba ƙarfi. Wadda ta kai 13 ko 14 kuwa daga wata guguwa mai nisa ta taso, ta yi tafiyar kwanaki ta tace kanta a hanya, sai ta iso a jere tsaf. Ya zana a yashi da yatsa, ya ce mai daƙiƙa 7 a ruwa mai zurfi tsawonta tsakanin tudun igiya da na mai bi mata bai wuce mita 76 ba, mai 14 kuma ta haura mita 300, wato in tazara ta ninka biyu tsawo ninki huɗu yake yi, shi ya sa za ka ga manhaja ta ce mita ɗaya ranar Litinin mita ɗaya ranar Alhamis amma ta Alhamis ta kusa karya maka allo. Na dai ji, amma ina ta cika ina batsewa, ni ruwa nake so in shiga.

Sai da ya sa muka gane cewa igiya ayari-ayari take zuwa, manya uku ko huɗu ko biyar su biyo juna, sannan teku ya yi luf na wasu mintoci kamar ba shi ba. Ni shekara biyun nan duk a tsakiyar ayari nake kutsawa in shiga, kumfa ta yi ta dukana tana mayar da ni baya, kafin in isa wajen jira na riga na gaji liƙis. Ya kuma nuna mana wani wuri da ruwan ya fi duhu, igiya ba ta fashewa a nan, kumfa da yashi suna tafiya ciki maimakon su fito, ya ce nan ne ruwan da igiya ta turo gaɓa yake komawa teku. Mai iyo kan halaka a nan in ya ce sai ya yi kokawa da shi kai tsaye, a gefe ake fita, a bi tsawon gaɓa. Amma ga mai allo wanda ya san abin da yake yi, mota ce kyauta zuwa ciki. Ranar muka bi ta nan, ko gashina bai jiƙe sosai ba na isa. Na fara jin kunya kaɗan, amma ban nuna ba.

Rana ta uku ce ta sa nake wannan rubutun. Teku ya canza da daddare, tazara ta koma 12, iska kuma na busowa daga tudu zuwa teku a hankali, irin wadda ke riƙe fuskar igiya ta tsaya sumul ba ta yi saurin rushewa ba. Muna zaune a kan alluna a ciki, malamin na gefena, ya riga ya sa na zaɓi alama biyu a tudu, wata bishiya da kusurwar wani gini a bayanta, ya ce duk lokacin da suka rabu a idona to ruwa ya ja ni gefe, in koma. Can sai na hango layi mai duhu ya taso, jikina har rawa yake, na juya allo zan bi. Ya ce bar ta. Na ce malam babba ce fa. Ya ce dubi samanta, daga nan har can a miƙe yake kamar an ja da rula, ba tsini, wato inda ta fi tasowa take fara fashewa, ba kafaɗa, wato gefen da bai fashe ba wanda ake bi, wannan gaba ɗaya za ta rufe lokaci guda, ina za ka bi? Na haƙura ina ji ina gani ta wuce, na waiga, ai kuwa ta kife rif kamar an saki bango, mutum biyu da suka bi ta sai alluna muka ga sun yi sama. Ta biyu ta zo, na sake zabura, ya ce ba taka ba ce, wancan ya fi ka kusa da tsini, shi ke da ita, ka shiga gabansa ka jawo wa kanka faɗa. Ta uku na tahowa sai ya yi shiru, ya ce kai faɗa mini. Na zuba ido, na ga wuri ɗaya ya fi tasowa, ɗan hagu da ni, gefe ɗaya ya gangara a hankali ɗaya gefen kuma ya yanke da sauri. Na ce dama za ta yi. Ya ce daman wa, naka ko na mai kallo a yashi? Na ce nawa, in na fuskanci gaɓa. Ya ce to me kake jira, matsa ciki taku biyar ba baya ba.

Jama'a, bugu shida ko bakwai na yi da hannu kawai, ba irin haukan da na saba ba, sai na ji wutsiyar allon ta ɗaga, abin ya ɗauke ni da kansa. Na miƙe, na kalli kafaɗar maimakon hancin allo kamar yadda ya yi ta nanata mana, sai ga bango kore yana ta buɗewa a gabana, kumfa na bayana tana ruri amma ba ta kamo ni ba. Ban san daƙiƙa nawa ba ne, wataƙila goma, ni dai na ji kamar an yi minti biyar. Da na sauka na yi ihu ni kaɗai kamar mahaukaci. Wato duk shekara biyun nan ba hannuna ne matsala ba, wurin zama ne da zaɓi. Da na koma ciki ina haki ina jira ya yaba mini, sai kawai ya ce ka makara da taku ɗaya, da ka samu fiye da haka. Mutumin nan bai iya yabo ba sam.

Da muka fito ya ƙara mana bayani cewa ƙasan teku ne ke tsara igiya, tana fashewa ne in zurfin ruwa ya ragu ya kai kamar tsayinta da kashi ɗaya cikin uku a kai, don haka inda yashi ya taru ya yi tudu a nan tsini zai tashi, kuma a gaɓar yashi tudun kan matsa bayan kowace guguwa, abin da ka haddace wancan watan ba lallai ya yi maka aiki yau ba. Ya kawo misalin Nazare a Fotugal, inda wani ƙaton kwazazzabo a ƙarƙashin teku ke tattaro ƙarfin ruwa ya turo shi gaɓa, a nan ne wani gwanin hawan igiya, Sebastian Steudtner, ya hau mai tsayin mita 26.21 a 2020. Ya ce ko a gasar Olamfik, da aka fara sa wasan a ta Tokyo a 2021, igiya biyu mafi kyau kawai ake ƙirga wa mutum, shi ya sa za ka ga gwanaye sun yi zaune suna barin igiya na wucewa kamar ba gasa suke ba. Ranar da na koma masauki, da an ba ni takarda tauraro goma zan ba su ba biyar ba.

To sai rana ta huɗu. Muka zo ba malam. Wai an tura shi wani aji na masu zaman kansu da suka fi mu biya, ba wanda ya gaya mana, ba saƙo ba komai, sai wani yaro muka tarar da usur a wuya. Kuma dama tun ranar farko mu tara ne ba huɗu ba, na yi shiru ne saboda dattijon ya iya riƙe mu, amma yanzu abin ya dawo mini sabo. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, su da suke koyar da karatun teku, sun kafe lokacin darasi ƙarfe goma kullum ba canji. Alhali malaminsu da bakinsa ya koya mana cewa cika da janyewar ruwa na jinkirta da wajen minti 50 kowace rana, wato abin da ya kasance rabin cika ranar farko, zuwa rana ta huɗu ya matsa da awa biyu da rabi, mun faɗa a janyewa. Ga iska ta juyo daga teku tana tura igiya ta baya tana rugurguza ta. Ni ɗalibin kwana uku na tsaya a yashi na duba na ce yau duk rufewa suke, ba kafaɗa ko ɗaya. Yaron ya ce a'a mu shiga kawai, ai da shiga ake koyo.

Muka shiga. Duk abin da ya taso sai ya busa usur ya ce bi, bi, bi. Na bi ɗaya don kar a ce na cika taurin kai, ta ɗaga ni ta maka a ruwan da bai kai ƙugu ba, kafaɗata ta daki yashi, madaurin ƙafar da suka ba ni kuma ya tsinke, dama tun safe na ga ya tsattsage wajen maƙalin na nuna masa ya ce ba komai. Allo ya tafi shi kaɗai ya kusa fasa wa wata baiwar Allah kai. Na fito ina ɗingishi da yashi har cikin kunne, yaron ko ya tambaye ni lafiya, yana can yana busa usur. Har yau in na ɗaga hannun dama sama sai na ji ciwon.

Ban ga laifin yaron sosai ba, an ba shi aikin da ya fi ƙarfinsa ne. Masu makarantar nake jin haushi. Na je ofis na yi magana, matar da ke wurin ta yi ta murmushi tana cewa yanayi ba a hannunsu yake ba. Na ce ai jadawalin cika da janyewa na shekara guda ana buga shi tun kafin shekarar ta shigo, wannan ba gaibu ba ne, ku matsar da darasi zuwa asuba mana ko yamma. Ta ce za ta isar. Rana ta biyar dattijon ya dawo, ya dubi teku minti biyu ya ce yau ba shiga, muka yi darasi a yashi, wannan karon ban yi gunaguni ba ko kaɗan, har na fi kowa tambaya.

Bidiyo kuwa, an ɗauka kam, na ga mai kyamara a tudu rana ta biyu da ta uku. Zaman da aka ce za a yi da kowa a nuna masa kurakuransa ba a yi ba, aka ce za a turo. Na tura saƙo sau huɗu. A na huɗun suka turo mini wani guntu na daƙiƙa ashirin, na buɗe da murna ina zaton igiyata ce ta rana ta uku, ashe wani ne daban mai jan allo, ni nawa shuɗi ne. Na gaya musu, sun karanta, shiru har yau.

In za ku je, ku tambaya da baki wa zai koyar da ku duk kwana biyar ɗin, a rubuta muku, ku duba jadawalin ruwa na satin kafin ku biya, kuma ku zo da madaurin ƙafarku. Tauraro uku na ba su, ukun duk na dattijon ne. Jiya na fita ni kaɗai, na yi zamana a yashi minti ashirin da agogo a hannu kafin in jiƙa ƙafa, wani ya zo wucewa da allonsa ya tambaye ni ko lafiya, na ce masa ƙirga nake. Na kama bakwai a cikin goma sha ɗaya. Bidiyon dai har yanzu ina jira.