Afrobarometer: Sharhi kan Hidimar da Take Yi wa Masu Bincike

Duk ɗalibin da ya ɗauki batun zaɓe, ko zanga-zanga, ko halin da makarantun gwamnati suke ciki a wata ƙasa ta Afirka domin ya rubuta kundin digiri, matsala ɗaya yake fara cin karo da ita, wato rashin ingantattun alƙaluma a kan abin da talakawa suke tunani. Jaridu suna ɗauke da maganganun 'yan siyasa, hukumomi suna fitar da rahotannin da suke yabon kansu, amma muryar manomi da mai sayar da ƙosai da malamin firamare ba ta cika samun inda aka adana ta ba. Wannan giɓi ne cibiyar Afrobarometer take ƙoƙarin cikewa, kuma a matsayina na wanda yake duba ayyukan ɗalibai a fannin kimiyyar zamantakewa, na ga ya dace in bayyana abin da hidimarta take bayarwa da kuma inda ƙarfinta ya tsaya.

An kafa cibiyar a 1999 ta hanyar haɗe ayyukan bincike guda uku, kuma malaman da suka assasa ta su ne E. Gyimah-Boadi na Ghana, da Robert Mattes da yake aiki a Afirka ta Kudu a lokacin, da Michael Bratton na Jami'ar Jihar Michigan a Amurka. Hedikwatarta tana birnin Accra. Zagayen farko na bincikenta, wanda aka gudanar tsakanin 1999 da 2001, ya shafi ƙasashe 12 ne kawai, ciki har da Nijeriya da Ghana da Mali, amma zagaye na 9 da aka yi tsakanin 2021 da 2023 ya kai ƙasashe 39. Nijar da Kamaru da Sudan sun shigo ne a zagaye na 5. A kowace ƙasa akwai wata cibiyar cikin gida da take gudanar da aikin fili, kamar NOIPolls a Nijeriya a zagayen baya-bayan nan, da LASDEL a Nijar.

Abu na farko da ya cancanci yabo shi ne cewa komai kyauta ne. Mutum yana iya shiga shafinta na intanet ya sauke cikakkun bayanan ƙasa guda ko na ƙasashe da yawa a haɗe, tare da takardar tambayoyin da littafin da yake bayyana ma'anar kowace lamba, ba tare da ya biya ko sisi ba. Wanda bai iya aiki da manhajojin lissafi irin su SPSS ba, akwai wani sashe na shafin da yake ba shi damar zaɓar ƙasa da zagaye da tambaya, sannan ya rarraba amsoshin bisa jinsi ko shekaru ko matakin ilimi ko zaman birni da ƙauye, jadawalin ya fito masa nan take. Ga ɗalibin jami'ar gwamnati da yake auna kuɗin data kafin ya buɗe kowane shafi, kuma ya saba ganin ana neman daloli masu yawa a kan maƙala guda a mujallun ƙetare, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Shawarata dai ita ce a yi aikin a kan kwamfuta, domin jadawali mai layuka da yawa yana da wuyar karantawa a fuskar waya.

Abu na biyu, wanda a wurina ya fi na farko muhimmanci, shi ne yadda ake tattara bayanan. Ba ta waya ake yin hirar ba a bisa al'ada, kuma ba a Facebook ake jefa tambaya a jira wanda ya ga dama ya amsa ba. Ana zaɓen mutum 1,200 zuwa 2,400 a kowace ƙasa, 'yan shekara 18 zuwa sama, ta hanyar ƙuri'a daga rukunan ƙidayar jama'a, sannan ma'aikata su je ƙafa da ƙafa su zauna da su. A kowane rukuni mutum takwas ake yi wa tambayoyi. Mai tambaya yana farawa daga wani wuri da aka zaɓa, ya bi hanya yana ƙirga gidaje bisa ƙa'idar da aka gindaya masa, ba gidan da ya yi masa daɗin shiga ba, kuma idan ya yi hira da namiji a wannan gida, to a gida na gaba mace zai nema. Wanda ya san unguwannin cikin birnin Kano ko ƙauyukan Maraɗi ya san abin da wannan yake nufi a aikace: sallama a ƙofar zaure, jiran maigida ya fito, bayanin abin da ya kawo mutum, sannan neman izinin a yi magana da uwargida ko amarya. Hirar kuma ana yin ta da harshen da mai amsa ya zaɓa daga cikin waɗanda aka fassara tambayoyin zuwa gare su, kuma Hausa tana ciki a Nijeriya da Nijar.

Akwai wasu ƙananan abubuwa biyu a ƙarshen takardar tambayoyin da suka sa na ƙara amincewa da masu aikin. Ana tambayar mai amsa wa yake zaton ya turo waɗannan baƙi, kuma a ƙasashe da dama mutane masu yawa suna cewa gwamnati ce, duk da an gaya musu tun farko cewa cibiya ce mai zaman kanta. Haka kuma mai tambaya yana rubuta ko akwai wani a kusa yana sauraro lokacin hirar, miji ne ko yara ko taron maƙwabta. Cibiyar ba ta ɓoye waɗannan bayanai ba, ta saka su cikin abin da kowa zai sauke, ta yadda mai bincike zai iya gwada amsoshin waɗanda suka ɗauka gwamnati ce ta aiko da na waɗanda ba su ɗauka haka ba, ya ga ko tsoro ya karkatar da abin da suka faɗa game da shugaban ƙasa ko 'yan sanda. Abin takaici ne yadda ɗalibai ƙalilan ne suke waiwayar waɗannan layuka, alhali a nan ne ake gane nauyin da ya kamata a ba sauran amsoshin.

A fannin zaɓe da dimokuraɗiyya ne hidimar ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba, domin an daɗe ana maimaita tambayoyi iri ɗaya, abin da ya sa ana iya bin sawun ra'ayin jama'a na sama da shekara ashirin. Ana tambayar mutane yadda suka ga sahihancin zaɓen da ya gabata, da ko sun kaɗa ƙuri'a, da iyakar amincewarsu da hukumar zaɓe da kotuna da sojoji da sarakunan gargajiya da malaman addini. Binciken da aka yi a Nijeriya a watan Maris na 2022 da mutum 1,600 ya nuna cewa waɗanda suka amince da hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, kuma wanda ya karanta wannan a lokacin ba zai yi mamakin yadda fitowar masu zaɓe ta tsaya a wajen kashi 27 cikin 100 a zaɓen shugaban ƙasa na 2023 ba. A matakin nahiya, zagaye na 9 ya nuna kashi 66 cikin 100 sun fifita dimokuraɗiyya a kan kowane irin mulki, amma kuma kashi 53 cikin 100 sun ce za su iya lamuntar sojoji su karɓi mulki idan zaɓaɓɓun shugabanni suka yi amfani da iko domin son ransu. Waɗannan alƙaluma biyu, idan aka ajiye su kusa da juna, sun fi dogayen sharhunan da aka yi ta rubutawa bayyana yanayin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai, inda mutanen da suka yi layi suka yi zaɓe su ne kuma wasunsu suka fito tituna suna maraba da sojoji.

Game da zanga-zanga kuwa, dole a yi hattara. Tambayar da aka saba yi ita ce ko mutum ya shiga zanga-zanga a cikin shekarar da ta wuce, idan kuma bai shiga ba, ko zai shiga in ya sami dama ko kuwa ba zai taɓa shiga ba. Tambaya ce mai kyau, musamman wannan rarrabewa tsakanin wanda bai sami dama ba da wanda ya ƙi, sai dai zanga-zanga abu ne na kwanaki, shi kuwa binciken sai bayan shekara biyu ko uku yake zagayowa. A Nijeriya an yi zagaye na 8 a farkon 2020, aka yi na 9 a Maris 2022, wato boren EndSARS na adawa da zaluncin 'yan sanda da aka yi a Oktoba 2020 ya faɗa tsakanin biyun, bayan na farko kuma fiye da shekara guda kafin na biyu. Wanda yake son ya fahimci yadda aka shirya wannan bore, ko zanga-zangar cire tallafin man fetur ta Janairu 2012, ko ta tsadar rayuwa ta Agusta 2024 da ta yi zafi a Kano da Kaduna, zai sami bayanin halin da zukatan mutane suke ciki kafin abin da bayansa, amma labarin abin da ya faru a kan titi sai ya nema a hirarraki da jaridu da rahotannin kotu.

A ɓangaren ilimi akwai tambayoyi masu amfani, kamar yadda jama'a suke auna ƙoƙarin gwamnati wajen biyan buƙatun ilimi, da ko sun sha wahala wajen samun abin da suke nema a makarantar gwamnati, da ko sai da suka ba da na goro. Batun harshe ne ya fi ƙarancin kulawa. Ana rubuta harshen da mutum yake magana da shi a gida da harshen da aka yi hirar da shi, amma ra'ayin iyaye a kan harshen da ya kamata a koyar da 'ya'yansu da shi ba ya cikin tambayoyin da ake bi zagaye bayan zagaye kamar yadda ake bin na zaɓe. Wannan rashi yana damuna ƙwarai, domin tun daga gwajin koyarwa da Yarbanci na shekara shida da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, zuwa manufar ilimi ta ƙasa ta 1977, zuwa manufar harshe da majalisar zartarwar Nijeriya ta amince da ita a 2022, masana da ministoci ne suke ta muhawara a tsakaninsu, ba tare da wani tsayayyen ma'auni na abin da iyaye suke so ba. Yanzu da Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, buƙatar irin wannan tambaya ta ƙara fitowa fili.

Wata iyaka kuma da na fi ganin ɗalibai suna takewa ita ce ta girman adadin mutanen da aka tambaya. Mutum 1,600 sun isa a yi magana a kan Nijeriya baki ɗaya da tazarar kuskure ta wajen kashi biyu da rabi, amma idan aka raba su a kan jihohi 36 da Abuja, matsakaicin rabon kowace jiha bai kai mutum 50 ba, ko da yake Kano da Legas suna samun fiye da haka saboda yawan jama'arsu. Don haka wanda ya ɗauko amsoshin Jigawa ko Kebbi kaɗai ya ce ga ra'ayin mutanen jihar, ya ɗora wa alƙaluman kayan da ba za su iya ɗauka ba. Ƙari a kan haka, ƙidayar ƙarshe da aka yi a Nijeriya ta 2006 ce, don haka hasashe ake yi a kanta, kuma wuraren da rashin tsaro ya hana ma'aikata shiga akan maye gurbinsu da wasu, alhali mutanen waɗannan wurare su ne suka fi kowa ɗanɗana gazawar hukuma. Waɗannan ba laifin cibiyar ba ne, kuma tana bayyana hanyoyin aikinta a rubuce, amma wajibi ne mai bincike ya ambace su a babinsa na dabarun bincike.

Abin da nake ganin yana hannun cibiyar ta gyara shi ne harshen da sakamakon yake fitowa da shi. Rahotanninta a kan Nijeriya da Turanci ake buga su, na Nijar kuma da Faransanci, ga shi kuwa ɗimbin waɗanda suka ba da amsoshin da Hausa suka yi magana. Matar da ta bar girki ta zauna kusan awa guda tana amsa tambayoyi a kan hukumar zaɓe da makarantar 'ya'yanta tana da haƙƙin ta ji abin da ya fito daga hirar da harshen da ta yi ta. Taƙaitaccen bayani na shafi biyu da Hausa a kan kowane zagaye, wanda gidajen rediyon Kano da Sakkwato da Damagaram za su iya karantawa kai tsaye, ba zai ci kuɗi mai yawa ba idan aka kwatanta da abin da ake kashewa wajen aikin fili. Kafin a kai ga hakan, sassan nazarin Hausa da na kimiyyar siyasa a jami'o'inmu suna iya haɗa hannu su sa ɗalibansu su riƙa fassara waɗannan rahotanni a matsayin aikin aji, su miƙa wa gidajen rediyo da jaridun Hausa.