Ƙalubalantar tarar fakin a unguwar masu izini a Ingila: tsarin yana aiki, amma ga mai hujja

Hukuncina kan hanyar ƙorafin da ƙananan hukumomin Ingila suka tanadar wa wanda aka manna wa takardar tarar fakin, takardar da suke kira PCN, shi ne tana da adalci, ba a biyan ko sisi, amma ba ta san roƙo ba. Wanda ya rubuta "ku yi haƙuri, ban sani ba" yawanci kuɗinsa zai fita. Wanda ya kawo hoto da kwanan wata shi ake saurara.

Kafin komai, a duba lambar laifin da ke jikin takardar. Lamba 12 na nufin an ajiye mota a gurbin mazauna unguwa babu izini sam, kuma ita ce babbar tara: fam 70 a mafi yawan garuruwan da ke wajen Landan, har fam 160 a wasu sassan Landan tun Afrilun 2025. Lamba 19 kuwa ta wanda yake da izini ne amma bai inganta ba, kuɗinta bai kai na farko ba. Idan izininka ya ƙare kwanan nan amma aka rubuta maka 12, wannan kaɗai abin magana ne.

Yanzu da hukumomi da yawa suka daina ba da takardar izini ta mannawa a gilashi, izinin yana ɗaure ne da lambar mota a kwamfuta, kuma nan ne matsala ta fi yawa. Mutum ya rubuta harafin O a maimakon sifiri, ko ya sauya mota bai sabunta ba, ko gareji ya ba shi motar aro, ko ya tsallaka layi ɗaya ya faɗa wata shiyyar da izininsa bai kai ba. Irin waɗannan, hukuma tana da ikon yafewa, kuma sau da yawa tana yi idan karon farko ne aka haɗa da rasitin biyan izinin. Ikon yafewa ne dai, ba haƙƙinka ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta allo da zane. Allon gurbin ya faɗi, reshen bishiya ya rufe shi, fentin ƙasa ya goge, ko an dakatar da gurbin ba a kafa sanarwa yadda za a gani ba. A ɗauki hoto a ranar, tun kafin a matsar da motar: ɗaya daga nesa mai nuna motar da allon tare, ɗaya daga kusa mai nuna sa'o'in da aka rubuta. A kuma shiga shafin hukumar da lambar takardar a kalli hotunan da jami'in ya ɗauka, a duba agogon da ke jikinsu. Tun 2015 doka ta ba da sassaucin minti 10 ga motar da aka ajiye bisa ƙa'ida a gurbi lokacinta ya cika.

Sai lissafin kwanaki, wanda shi ne ke kayar da mutane. Idan ka biya cikin kwana 14, rabi za ka biya, amma biyan ya rufe maganar, babu ƙorafi bayansa. Idan ka aika ƙorafin farko cikin waɗannan kwanakin, yawancin hukumomi suna tsayar da lissafi, su sake ba ka damar rabin idan sun ƙi. In suka ƙi kuma ka ƙi biya, za su aika wa mai motar takarda mai suna Notice to Owner, yana da kwana 28 ya shigar da ƙorafi na hukuma, su kuma dole su amsa cikin kwana 56, in ba haka ba tarar ta faɗi. Wannan takarda tana zuwa adireshin da ke rajistar DVLA ne, wato hukumar rajistar motoci. Ɗalibai da sabbin zuwa masu yawan sauya gida su lura: in ba a gyara adireshin ba, wasiƙun suna can suna taruwa a tsohon gida, a ƙara rabin kuɗin a kan tarar, a yi mata rajista a matsayin bashi a kotun Northampton, ƙarshe masu karɓar bashi su ƙwanƙwasa ƙofa.

Matakin ƙarshe shi ya fi burge ni. Bayan takardar ƙin amincewa da wannan ƙorafi na biyu akwai kwana 28 na ɗaukaka ƙara zuwa kotun sauraron irin waɗannan ƙararraki, wato London Tribunals ga na Landan, ko Traffic Penalty Tribunal ga sauran Ingila da Wales. Masu yanke hukuncin lauyoyi ne masu zaman kansu, ana iya yin komai ta intanet ko ta waya, kuma hukuma ce za ta kawo shaidar cewa an yi laifin. Wani lokaci ma ba ta kare ƙarar, sai a soke tarar.

Aibinsa guda biyu ne. Mai hukuncin ba ya soke tara don tausayi kawai, iyakarsa ya shawarci hukuma ta sake tunani. Na biyu, a wannan matakin rangwamen ya wuce, in ka faɗi cikakken kuɗi za ka biya. Don haka in uzuri kawai gare ka, tsaya a ƙorafin farko ka karɓi rabin. In allon ne ya gaza ko takardarsu ke da kuskure, ka je har ƙarshe.

Duk wannan bai shafi takardar kamfanonin fakin na manyan kantuna ba, ko da ita ma an rubuta PCN a kanta. Hanyar ƙorafinsu daban take, haka ma ta Scotland.